Lasifikar da Ta Tona Mini Asiri a Kalgo

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis a Kalgo ba, ko da na so in manta, domin makaranta guda ce ta ɗauki nauyin tuna mini.

Bari in fara da aikina, tunda shi ya ja mini. Ni injiniyan tsari ne a wata hukumar gwamnati a Abuja. Idan gwamnati za ta sayi wani babban abu mai sassa da yawa, kamar na'urorin sadarwa da za a kakkafa a garuruwa daban-daban, mu ne muke zama mu rubuta abin da ake bukata dalla-dalla, mu tabbatar kayan wannan kamfani za su yi aiki da na wancan, sannan mu gwada su kafin a sa hannu a karɓa. Yawancin aikin takarda ne da taro, sai kuma wani taron da ake yi don a shirya taro. Amma a garinmu Gwandu babu wanda ya karɓi wannan bayani. Inna, mahaifiyata, ta riga ta sanar da matan unguwa cewa ni ke saya wa gwamnati jirgin sama (ko tayar jirgi ban taɓa saya ba). Sauran jama'a kuwa sun ji kalmar injiniya sun tsaya a nan, shi ya sa duk zuwan da na yi gida sai na tarar da fankoki da rediyo a zaure suna jiran in duba su.

Wata rana Kawu Sambo, ƙanen Inna, ya kira ni. Shi mataimakin shugaban wata makarantar sakandare ne a Kalgo. Ya ce za su yi taron faɗakar da 'yan ajin ƙarshe a kan ayyukan da za su iya nema in sun gama karatu, sun samu malamin asibiti, sun samu ma'aikacin banki, ni kuma yana so in zo in yi magana a kan aikin injiniya a gwamnati. Na fara jero uzuri, aiki ya yi yawa, hanya da nisa, ga zafi.

Ya ce, "To, ba komi. Dama Alhaji Ummaru ne shugaban ƙungiyar iyayen yara, shi za ya zauna babban tebur. Sai in ce mishi ba ka samu zuwa ba."

Na ce, "Kawu, wace rana ka ce?"

Alhaji Ummaru shi ne mahaifin Balkisu, yarinyar da nake nema. Manya sun riga sun kai gaisuwa, amma ba a sa rana ba, kuma labari ya iso mini cewa sau biyu Alhaji yana tambayar Kawu, "Wai shi wanga yaro, mi ne aikinai takamaimai?" Babban manomin shinkafa ne a fadama, mutum ne da bai cika yarda da aikin da ba a iya nuna shi da yatsa ba. Sai na ga ai dama ce ta zo har gida. Zan tsaya a gabansa in yi bayanin da zai sa shi da kansa ya aika a tambayi wace rana ta yi mana.

Na shirya kamar yadda aka koya mini a ofis. Na rubuta wa Kawu takardar abubuwan da ake bukata, shafi biyu cur, da lamba a gefen kowane layi. A samo janareto. A samo farin bango, in babu a rataya farin ƙyalle. A samo tebur ɗin da ba ya rawa. A samo lasifika, kuma (na ja layi a ƙarƙashin wannan) lallai ta kasance mai batir a cikinta, yadda ko wuta ta ɗauke ba za ta yi shiru ba. Kawu ya karanta ya kira ni ya ce ko lokacin da suka karɓi masu duba makarantu ba a aiko musu da irin wannan takarda ba. Na ɗauki maganar a matsayin yabo.

Majigi kuwa, wato na'urar haska hoto a bango, na aro shi a wajen wani abokin aikina. Ya miƙo mini a cikin jakarsa, na leƙa na ga majigi, na ga wayoyi a naɗe, na zuge zif. Kwamfutata sabuwa ce fil, siririya kamar faifai, wadda nake ji da ita. Na sa ta a wata jakar daban. Haka suka taho tun daga Abuja har Gwandu, kowa a jakarsa, ba su taɓa gaisawa ba.

Na iso gida ranar Talata. Ranar Laraba da hantsi na shige ɗaki na rufe ƙofa na fara gwajin jawabi. Na jingina wayata da kwalbar turare ina naɗar muryata, in saurara, in gyara, in sake. Har da sabon tabarau na saya a tasha, irin farin nan da ba na magani ba, don na lura manyanmu a ofis in za su faɗi magana mai nauyi sai sun cire tabarau tukuna. Ni kuma idona garau yake, ba ni da abin cirewa.

Ranar Alhamis na sa kwat da lakataye a tsakiyar bazara, na hau kabu-kabu zuwa tasha da majigi a cinya, na shiga bas. Kafin mu kai Kalgo rigar ciki ta manne mini a baya. Kawu ya tarbe ni a bakin ɗakin taro yana murna, ya zaga da ni yana nuna mini komai. Ga janareto a bayan taga, ga farin zanin gado an ɗaure shi da igiya a bango, ga tebur an sa masa dutse a ƙarƙashin ƙafa ɗaya, ga ƙatuwar lasifika mai tayoyi an aro daga wajen wani mai kayan biki. Na haɗa wayata da lasifikar ta bulutut, wato haɗin iska ba tare da igiya ba, na kunna wani sauti na ji ya fita raɗau, na ciro biro na yi alama a takardata. Na ce a tada janareto in gwada majigi. Kawu ya ce man da ke ciki na taron ne kawai, a bari sai lokaci ya yi. Na ce ba damuwa, ai majigi majigi ne. (Da wani kamfani ne ya faɗa mini haka a ofis, da na rubuta masa wasiƙa mai shafi uku.)

Ɗalibai suka cika ɗakin, maza a dama, mata a hagu, wasu a tagogi. Manya suka zauna a babban tebur da aka lulluɓe da ƙyalle har ƙasa. Alhaji Ummaru yana tsakiya, kusa da shugaban makaranta, da farar riga da carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe shi daga nesa, ya amsa da kai. Malamin asibiti ya yi nasa, na banki ya yi nasa, duk da baki kawai suka yi, ina zaune ina tausaya musu a zuciyata. Sai aka kira ni, aka tada janareto.

Na miƙe a hankali. Na yi sallama da wata irin murya mai kauri da ni kaina ban san ina da ita ba. Na faɗi maganar da Inna take yi ta sayen jirgi, aka yi dariya, na tsaya na jira aka gama, na ce na gode. Komai yana tafiya yadda na tsara. Sannan na juya wajen babban tebur, na cire tabarau sannu a hankali, na riƙe shi a hannu, na ce:

"Ɗalibai, babban sirrin aikinmu kalma ɗaya ce, mahaɗa. Wurin da abu ɗaya yake haɗuwa da wani. Za ka iya sayen kaya biyu masu kyau, kowanne lafiyarsa ƙalau, amma in ba su haɗu ba, ka yi asara. Shi ya sa injiniyan tsari ba ya taɓa ɗauka cewa abu zai yi aiki. Sai ya gwada. Yanzu zan nuna muku a bango."

Na ɗauko wayar majigin. Kanta wani ƙato ne shuɗi mai 'yan ƙusoshi a ciki, irin na kwamfutocin da. Na kai shi gefen kwamfutata, na ga 'yan ramuka biyu ƙanana kamar hancin ɓera. Na duba ɗaya gefen, rami ɗaya, shi ma ƙarami. Na duba baya. Na ɗaga kwamfutar na duba ƙasanta (har yau ban san abin da nake fatan gani a can ba). Na juya kan wayar sama ya koma ƙasa na sake gwadawa, kamar dai juyin zai rage masa girma. Na zazzage jakar majigin, babu komai sai wayar wuta da wata tsohuwar takardar gayyatar suna. A bango kuwa, a kan zanin gadon Kawu, majigi ya haska wani shuɗin fili babu ko harafi.

Kawu ya matso ya raɗa mini, "Mi ya faru?"

Na ce, "Ƙaramar matsala ce ta fasaha."

Ya ce, "In aika a kira mai gyaran waya na bakin kasuwa?"

Na ce a'a da sauri. Injiniya daga Abuja a kira masa mai gyaran waya a gaban surukinsa? Na juya na gaya wa jama'a cewa ƙwararren injiniya kullum yana da shiri na biyu, bayanan suna cikin wayata, zan karanto musu. Na zaro wayar. Hannuna ya jiƙe sharkaf da gumi, ina latsa nan tana buɗe can. Na manta shaf cewa tun safe a haɗe take da lasifika.

Sai kawai ɗakin ya cika da wata murya.

"Bismillahi. Gwaji na huɗu. Ka tuna, kada ka yi sauri, manyan mutane ba sa sauri."

Na ɗan tsaya ina tunanin wane ne wannan mara kunya da ya katse ni. Sai na gane muryar.

"Assalamu alaikum. A'a, ta yi siriri, kamar ta mai tallan goro. A ƙara mata nauyi. Assalamu alaikum! Yauwa, haka."

Na zabura zan kashe, wayar ta suɓuce daga hannuna kamar sabulu, ta daki siminti, ta zame ta shige ƙarƙashin babban tebur, daidai saitin ƙafafun Alhaji Ummaru. Ƙyallen ya rufe ta. Ita kuwa lasifika ba ta fasa ba.

"A nan zan faɗi maganar jirgi. Za su yi dariya. Sai in jira su gama." Aka ji na yi wata dariyar ƙarya ni kaɗai, ha ha ha, sannan aka ji ina tafa wa kaina. "Na gode, na gode."

Ɗalibai suka fara. Da farko irin dariyar nan ce da ake dannewa da hannu, sai wani daga baya ya kasa, ya saki, shi ke nan ɗakin ya ɓarke. Na san abin da ke tafe a cikin naɗin, don ni na yi shi. Zaɓi biyu gare ni, ko in yi rarrafe da kwat a tsakanin ƙafafun surukina, ko in kashe lasifikar. Na ruga na fizge wayarta daga jikin soket. Ko gezau ba ta yi ba. Mai batir ce, kamar yadda wani gwani ya rubuta ya ja layi.

Kaina ya kulle. Na leƙa taga na yi ihu, "A kashe janareto!" Aka kashe. Ƙarar janareto ta ɗauke, fankoki suka tsaya, wuri ya yi tsit, muryata ta ƙara fitowa tangaram, har na tagogi suna ji ba sai sun miƙa wuya ba.

"A nan sai in juya wajen baban Balkisu, in cire tabarau a hankali, in riƙe shi kamar ina tunani. Kada in kalle shi da yawa, zai gane. In ya gyaɗa kai, to an gama, sai sa rana."

Tabarau ɗin yana hannuna a lokacin. Na kalle shi, na rasa inda zan sa shi, na cusa shi a aljihun wando.

Ban san naɗin ya kai har inda ya kai ba. Sai aka ji ana buga ƙofa, aka ji muryar Inna.

"Kai, wai da wa kaka magana kai ɗai cikin ɗaki?"

"Inna, aikin gwamnati nake yi."

"Aikin gwamnati da tabaron da ka sawo tasha? Hito ka sha hurarka, ƙuda na shiga."

Shugaban makaranta ya kifa kansa a tebur, kafaɗunsa suna rawa. Kawu Sambo ya juya ya fuskanci bango yana karanta jadawalin shara kamar bai taɓa ganin sa ba. 'Yan mata suka rufe fuska da hijabi. Ni kuwa ina zagaya lasifikar ina latsa duk abin da yatsana ya taɓa, har na kunna mata wasu fitilu ja da kore suka fara walƙiya.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Alhaji Ummaru ya ajiye carbinsa, ya miƙe, ya tako a natse, ya sunkuya ya sa hannu a bayan lasifikar. Ƙit, ta mutu. Ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Injiniya, makunnin na baya." Sannan ya koma wurinsa, ya laluba da ƙafa ya turo mini wayata daga ƙarƙashin tebur.

Na so in fita ta taga. Amma Alhaji ya ɗaga hannu ɗakin ya yi shiru, ya ce:

"Ina da tambaya. Wagga waya da ba ta shiga ba, tun can Abuja ba ka gwada ta ba?"

Na ce, "Ban gwada ba, Baba."

Ya ce, "Ni in zan sayi injin ban-ruwa, da guntun tiyona nika tahiya kasuwa. In bakin bai shiga ba, ko kyauta anka ba ni ba ni ɗauka. Abin da kaka son gaya ma yaran ga ke nan?"

Na ce, "Shi ne, Baba. Shi ne gaba ɗaya."

Ya ce, "To gaya musu."

Na cire kwat ɗin na rataya a kujera, na sassauta lakataye, na karɓi alli a hannun wani malami. Na zana injin ban-ruwa a allo (ya fi kama da akuya, amma sun gane), na zana tiyo, na zana rijiya da gona. Da muryata ta ainihi, siririyar nan ta mai tallan goro, na yi musu bayanin yadda ake rubuta abin da ake bukata kafin a je saye, da yadda ake kiran masu sayarwa su kawo nasu, da yadda ake gwaji. Duk inda nake neman misalin kuskure sai in nuna kaina, su yi dariya mu ci gaba. Wata ɗaliba ta miƙe ta tambaye ni me mutum zai karanta in yana son irin wannan aiki, kuma ana ɗaukar mata? Na ce ana ɗauka, shugabar sashenmu ma mace ce. Na ce ta riƙe lissafi da kimiyya da kyau, ta karanta kowane fanni na injiniya a jami'a, ta kuma koyi rubutu mai ma'ana, don rabin aikin rubutu ne. Ta rubuta a littafinta. Wannan ne kaɗai abin da ya faru a ranar da nake iya tunawa ba tare da na runtse ido ba.

Da aka tashi na so in sulale, amma Kawu ya riƙe mini hannu ya ja ni har gindin darbejiya inda Alhaji yake jiran a kawo masa babur ɗinsa. Na durƙusa, idona a ƙasa.

Ya ce, "Har sau huɗu?"

Ban san abin da ya hau kaina ba na ce, "Sau shida ne, Baba. Biyu ban naɗa ba."

A nan ne na ga haƙoransa karo na farko. Ya yi dariya har sai da ya dafa kafaɗar Kawu. Da ya natsa ya ce, "Malam Sambo, yau na gane aikin ɗanka. Su ne anka ɗauka su hana gwamnati yin abin da ya yi yau."

Kawu ya ce, "Haka ne, Alhaji."

Ya ce, "To, aiki ne babba. Allah shi taimaka."

Ban kai Gwandu ba wayata ta yi ƙara (na duba sau biyu na tabbatar ba a haɗe take da komai ba kafin in ɗauka). Balkisu ce. Ashe ƙanwarta tana cikin 'yan ajin ƙarshe, kuma ta riga ni isa gida da labari. Na yi sallama, ta ce, "Wannan ta yi siriri, a ƙara mata nauyi." Na kashe wayar. Ta sake kira tana dariya har tana shaƙewa, ta ce Alhaji ya shigo gida yana ba mahaifiyarta labari yana kwaikwayon yadda nake zagaya lasifika.

Bayan mako biyu aka aiko Gwandu cewa manya su zo a sa rana. Yau shekararmu uku da aure. Har yanzu in na sauka a Kalgo sai wani saurayi da ban sani ba ya ɗaga mini hannu daga kan babur ya ce, "Gwaji na huɗu, an zo lafiya?" Ina amsawa, don na gano in ka ƙi amsawa sun fi jin daɗi.

Abin da na koya? A ofis yanzu ni ne wanda 'yan kamfani suka fi tsana, don ko filogi suka kawo sai an soka shi a gabana na gani da idona. A gida kuma, in zan yi gwajin yadda zan burge wani, a gaban madubi nake yi, shi ma sai na tabbatar Inna ta fita unguwa.